Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Ɓerayen da Aka Sauya wa Halitta da Gwajin Ciwon Dajin Hanta

A watan Janairun 1974, kamfanin B.F. Goodrich ya sanar da cewa ma'aikata uku na masana'antarsa ta roba da ke Louisville, a jihar Kentucky ta Amurka, sun mutu da wani nau'in ciwon daji mai kama jijiyoyin jinin hanta. Ciwo ne da likita zai iya yin aiki har ya yi ritaya bai ga mai shi ko ɗaya ba, sai ga mutum uku a masana'anta guda. Abin da ya haɗa su shi ne iskar binil kulorayid, sinadarin da ake yin bututun roba da shi, wadda suka yi shekaru suna shaƙa. Tun kafin wannan sanarwa, wani likita a birnin Bolonya na Italiya, Cesare Maltoni, ya riga ya ga irin wannan ciwo a hantar ɓerayen da ya sa suka shaƙi iskar. A cikin shekarar hukumomin Amurka suka yanke cewa a rage adadin da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa daga kashi 500 cikin miliyan zuwa kashi 1.

Dalilin gwada sinadarai a jikin dabbobi ke nan. Ciwon dajin hanta ba ya gaggawa. Yakan yi shekara ashirin ko talatin yana ƙulluwa a ɓoye, kuma ranar da ya bayyana galibi bakin alƙalami ya riga ya bushe. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, da ke Liyon a Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum kusan 906,000 ne suka kamu da shi, kusan 830,000 kuma suka mutu. Kusancin lambobin nan biyu ya isa ya nuna irin ciwon. Hanta kuwa ita ce matatar jiki: abin da aka haɗiya, magani ne ko abinci ko guba, daga hanji wurinta yake fara zuwa. Ba wanda zai ba jama'a sabon sinadari ya zauna jiran shekara talatin ya ga sakamako. Saboda haka aka gina tsarin gwaji a kan zaton cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Tsohon gwajin, wanda har yau ake yi, shekara biyu yake ci. Ana amfani da jinsi biyu da Hausa ke kira ɓera duka, amma dangi ne daban: ƙaramin ɓera irin na ɗaki, da babban ɓera mai kauri. A kowane jinsi ana ware rukuni huɗu, uku ana ba su sinadarin a ma'auni daban-daban, ɗaya ba a ba shi komai don a kwatanta. Kowane rukuni yana da maza 50 da mata 50. Dabbobi 800 ke nan a kan sinadari guda. Bayan shekara biyu, wato kusan tsawon rayuwarsu, sai a kashe su, a yayyanka gaɓoɓinsu siriri-siriri, masana su duba a madubin hangen ƙananan halittu suna ƙirga ƙari, wato tsiron da kan iya zama ciwon daji. In an haɗa da shiri da rubuta rahoto, aikin yakan kai shekara huɗu ko biyar, ya lashe miliyoyin daloli.

Da tsada da jinkiri ne kaɗai matsalar, da an haƙura. Babbar matsalar tana cikin hantar ƙaramin ɓeran kansa. Irin da shirin gwajin guba na gwamnatin Amurka, NTP, ya daɗe yana amfani da shi, mai suna B6C3F1, ɓera ne da ke yin ƙarin hanta don kansa idan ya tsufa. A rukunin da ba a ba komai ba, ana samun sulusin mazan ko fiye da ƙari a hanta, a wasu gwaje-gwajen ma fiye da rabi. To idan aka ba irin wannan dabba sinadari a ma'auni mafi girma da za ta iya jurewa, kullum, har shekara biyu, sannan aka ga ƙarin ya ɗan yi yawa, me aka gano? Sinadarin ne mugu, ko kuwa hantar ce dama a bakin gaɓa take? Bruce Ames da Lois Gold na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, suka nuna cewa kusan rabin sinadaran da aka gwada sun fito a matsayin masu jawo ciwon daji, har da waɗanda Allah ya halitta cikin kayan lambu da gahawa. Ƙararrawar da ke kaɗawa a kan rabin masu wucewa ba ta nuna wa mai gadi ɓarawo.

A nan ne ɓerayen da aka sauya wa halitta suka shigo. Kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da rubutaccen umarni, DNA, kuma a cikin rubutun akwai ƙwayoyin gado da ke aiki kamar totur, suna cewa a hayayyafa, da wasu masu aiki kamar birki, suna cewa a tsaya. Ciwon daji yana faruwa ne idan totur ya maƙale a ƙasa, birki kuma ya tsinke, kuma yawanci sai kurakurai da dama sun taru kafin a kai can. Shi ya sa yake ɗaukar lokaci. Dabarar ita ce a haifi ɓeran da dama an yi masa taki ɗaya a kan hanyar, ta yadda in sinadarin mai lahani ne, zai ƙarasa sauran cikin wata shida maimakon shekara biyu.

A 1988 Jami'ar Harvard ta samu haƙƙin mallakar ɓera na farko irin wannan, aikin Philip Leder da Timothy Stewart. Amma biyun da suka yi tasiri a gwajin sinadarai daga baya suka zo. A 1992, Lawrence Donehower da Allan Bradley na Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Houston suka samar da ɓeran da aka cire wa p53, babban birkin jiki. Ɓera, kamar mutum, yana gadon kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ɓeran gwajin an bar masa ɗaya ne kawai, don haka lahani guda ya isa ya bar shi ba birki. Akwai iyalai na mutane da ake haifa a haka, kuma suna fama da ciwon daji tun suna ƙanana. Ɗayan kuma daga Japan ya fito, ana kiransa rasH2, wanda cibiyar dabbobin gwaji da ke Kawasaki ta raina ta kuma yaɗa. Shi an dasa masa ƙwayar gadon ɗan'adam mai suna ras, wato an ƙara masa totur. A 1997, majalisar da ke daidaita ƙa'idojin magunguna tsakanin Turai da Amurka da Japan, ICH, ta amince kamfani ya yi gwajin shekara biyu a babban ɓera kawai, ya maye gurbin na ƙaramin da gwajin mako 26 a irin waɗannan.

Ribar a fili take. Rukuni ya koma maza 25 da mata 25, rabin adadin da. Ana gama gwaji tun ɓeran yana matashi, kafin cututtukan tsufa su cika masa ciki, saboda haka hantar rukunin da ba a ba komai ba kusan tas take fitowa. Ana kuma ware wani ɗan rukuni a ba shi gubar da aka tabbatar tana jawo ciwon daji, don a tabbata ɓerayen suna amsawa. Ga wanda zuciyarsa ke sosuwa da abin da ake yi wa dabbobin nan, kuma ya kamata ta sosu, rage ɗaruruwan rayuka da shekara ɗaya da rabi na ɗura ba ƙaramin abu ba ne. Yau rasH2 ne ya mamaye gwajin sababbin magunguna, sauran sun ja baya.

Sai dai kafin a yarda da sabon ma'auni, dole a auna shi. Daga 1996 zuwa 2001 dakunan bincike na gwamnatoci da kamfanoni da jami'o'i suka haɗu ƙarƙashin wata cibiyar kimiyya ta ƙasa da ƙasa mai suna ILSI, suka gwada sinadarai 21 da aka riga aka san halinsu. A 2003 kuma masana na Amurka, John Pritchard da abokan aikinsa, suka duba sakamakon sinadarai 99. Sun samu cewa ɓerayen da aka sauya wa halitta sun yi daidai a kashi 74 zuwa 81 cikin 100, tsohon gwajin shekara biyu kuma kashi 69. Wanda ya tsaya a nan zai ce sabo ya kayar da tsoho. Amma kurakuran nasu ba iri ɗaya ba ne. Tsohon gwajin yana yawan ɗora laifi a kan marar laifi, amma bai bar ko ɗaya daga sanannun masu jawo wa mutum ciwon daji ya wuce ba. Sababbin ɓerayen ba sa yawan ƙage, amma sun bar wasu masu laifi sun sulale. Kuskure na farko asarar kuɗi ce da asarar magani mai amfani. Na biyu asarar rai ce.

Hanta kuma ita ce inda abin ya fi rikitarwa. Ɓeran rasH2 ya fi nuna ƙari a huhu da saifa da fata da mashigar tumbi. Mai birki guda ya fi amsa wa sinadaran da ke lalata DNA kai tsaye, kuma hantarsa ba ta cika motsawa ba. Sinadaran da ke cika hantar tsohon ɓera da ƙari ba tare da sun taɓa DNA ba, galibi shiru aka ji daga gare shi. To wannan shirun me yake nufi? Yana iya nufin sinadarin ba shi da haɗari ga mutum, tsohon ɓeran ne mai yawan kuka. Yana kuma iya nufin wata shida bai isa ba, ko kuma ba ƙofar da sinadarin ke bi aka buɗe ba. Gwajin da kansa ba zai raba maka gardamar ba. Ni a ganina, nan ne masu tallata waɗannan ɓeraye suke wuce gona da iri, idan suka ɗauki shiru a matsayin wanke laifi.

Inda nake ganin sauya halittar ɓera ta yi aikin da ba wani abin da zai yi, shi ne wajen amsa tambayar "ta yaya". Misali mafi kyau shi ne magungunan rage kitse a jini, dangin kulofibiret. Suna kumbura hantar ɓera, a ƙarshe su jawo ƙari, amma mutane sun yi shekaru suna shan su ba a ga haka ba. A 1995 ɗakin binciken Frank Gonzalez a Cibiyar Ciwon Daji ta Amurka ya samar da ɓeran da aka cire wa wani makunni na cikin ƙwayoyin hanta mai suna PPAR-alfa. Aka ba shi wani sinadari mai ƙarfi na wannan dangi na tsawon watanni, hantarsa ba ta yi ƙari ba, alhali 'yan'uwansa masu makunnin sun yi. Daga baya suka cire na ɓera suka dasa na mutum. Kitsen jini ya sauka kamar yadda ake so, amma ƙwayoyin hanta ba su shiga hayayyafa ba, ƙarin ma da ƙyar aka gan shi. Wannan hujja ce mai nauyi, irin wadda ƙirgen gawarwaki na shekara biyu ba zai taɓa bayarwa ba.

Amma ko a nan sai an yi hattara. Akwai sinadarin DEHP da ake tausasa roba da shi, har da ledar ƙarin jini da bututun ƙarin ruwa. A 2000 hukumar IARC ta sassauta matsayinsa, bisa hujjar cewa ta wannan makunnin yake cutar da ɓera, hanyar da ba ta shafi mutum ba. A 2007 masu bincike a Japan suka ba ɓerayen da ba su da makunnin DEHP na kusan shekara biyu, sai ga ƙari a hantarsu. Ashe akwai wata ƙofar. A 2011 hukumar ta mayar da shi cikin jerin waɗanda ƙila suna jawo wa mutum ciwon daji.

Labarin fenobabital ma haka yake, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye, don shi ne maganin farfaɗiya mai araha da asibitocinmu ke bayarwa. Tun 1912 ake amfani da shi. A ɓera yana haɓaka ƙarin hanta sosai, kuma a 2004 aka nuna cewa in an cire makunnin da ake kira CAR, wannan tasirin ya ɓace. Da aka dasa wa ɓera CAR na mutum, masu bincike a Jamus sun ga har yanzu ƙarin yana haɓaka. Amma da aka yi amfani da ɓerayen da aka cika hantarsu da ainihin ƙwayoyin hantar mutum, ƙwayoyin ba su hayayyafa ba. Bambancin yana da ma'ana: makunnin mutum a cikin ƙwayar ɓera har yanzu wayoyin ɓera yake kunnawa. Abin da ya fi kwantar da hankali a ƙarshe daga mutane ya fito, daga bibiyar dubban masu farfaɗiya a Denmak na shekaru da dama, inda ba a samu hujjar cewa maganin ne ke jawo ciwon dajin hanta ba. Kada mai farfaɗiya ya ji labarin ɓera ya ajiye maganinsa.

Akwai kuma wani rukunin, irin su Big Blue da MutaMouse, da ba a jiran ƙari a jikinsu sam. An dasa musu wani guntun DNA da za a iya cirowa a karanta. Ana ba su sinadari kwana 28, a ciro hanta, a ƙirga kurakuran da suka shiga rubutun. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe, OECD, ta amince da wannan hanya a 2011. Tambaya ɗaya tak suke amsawa, ko sinadarin yana lalata DNA a hanta ko ba ya yi, kuma suna amsa ta da kyau.

Yawancin abin da na kawo zuwa yanzu, ɓera ne ke kuka a inda mutum ke lafiya. Akwai inda abin ya juye, kuma shi ya fi tayar mini da hankali, don a rumbunanmu yake. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. Bincike ya kai ga wata funfuna da ke kama gyaɗa da masara idan fari ya taɓa su a gona ko aka adana su da danshi, da gubar da take fitarwa, aflatoksin. Hanta tana ƙoƙarin narkar da gubar, sai ta mayar da ita wani abu mai manne wa DNA. Tana cikin mafi ƙarfin abubuwan da aka sani suna jawo wa ɗan'adam ciwon dajin hanta. Babban ɓera yana kamuwa da ɗan kaɗan. Amma ƙaramin ɓera da ya balaga, shi ɗin da ake zargi da yawan ƙarin hanta, yana cin aflatoksin ya kwana lafiya. Da shi kaɗai aka tambaya, da an sallami wannan guba.

Sauya halitta ce ta tabbatar da dalilin. Hantar ƙaramin ɓera tana da wani sinadarin kariya mai suna GSTA3, wanda ke cafke gubar kafin ta isa DNA. Namu bai kai nasa ƙarfi ba ko kusa. Da aka cire masa wannan ƙwayar gado, a aikin da aka wallafa a 2010, gubar da ta manne wa DNA ɗinsa ta ninka fiye da sau ɗari. Ƙwayar gado guda ce tsakanin tsira da halaka.

A jikin mutum aflatoksin tana barin tabo na musamman. A 1991 aka gano, a majinyata daga Qidong ta ƙasar Sin da kuma kudancin Afirka, cewa ana samun kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya na birkin p53, wurin da ake wa lamba 249. Daga baya aka ga wannan tabon a jinin majinyata a Gambiya. Monica Hollstein da abokan aikinta a Heidelberg ta Jamus suka ƙera ɓeran da aka sa wa wannan sashe na p53 na mutum, suna sa ran ganin tabon. Aka ba shi aflatoksin, ya yi ciwon dajin hanta fiye da ɓera na gama-gari, amma tabon 249 bai bayyana ba. An sa masa rubutun mutum, bai yi kuskuren mutum ba.

Wani ɓangare na amsar yana iya kasancewa a abin da ɓeran ɗakin gwaji ba shi da shi. Yana zaune a keji mai tsafta, abincinsa a aune, sinadari ɗaya ake ba shi. Mutumin da ke cin ƙuli-ƙuli da tuwon masara a Kano ko Maraɗi ba haka yake ba. Binciken da aka yi kan maza fiye da 18,000 a Shanghai ya nuna cewa aflatoksin kaɗai tana ninka haɗarin ciwon dajin hanta kusan sau 3, ƙwayar cutar hanta nau'in B kaɗai kusan sau 7, amma in suka haɗu a jiki ɗaya, kusan sau 60. A Najeriya, binciken ƙasa na 2018 ya samu kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da wannan ƙwayar cuta, kuma sai a 2004 allurar rigakafinta ta shiga jerin alluran yara. Manya da yawa na yau an haife su kafin nan. A kan wannan ba ma jiran wani ɓera ya gaya mana komai. Busar da gyaɗa da masara sosai kafin a zuba a buhu, tsince ruɓaɓɓu a zubar maimakon a niƙa su a yi ƙuli-ƙuli ko a ba kaji, maganin Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar don watsawa a gona, da allurar jariri a ranar haihuwa, duk abubuwa ne da aka riga aka san amfaninsu.

Su ma hukumomi sun fara karkata daga tambayar "ya yi ƙari ko bai yi ba" zuwa auna hujjoji gaba ɗaya. A 2022 majalisar ICH ta yi gyara, ta ce a wasu magunguna ana iya barin gwajin shekara biyu na babban ɓera idan sauran bayanai sun wadatar. A watan Disamba na shekarar Amurka ta cire wajabcin gwajin dabbobi daga dokar sababbin magunguna. Ina goyon bayan wannan tafiya, da sharaɗin a riƙa faɗa wa jama'a wace tambaya aka yi wa ɓeran da wadda ba a yi masa ba.

Masana sun daɗe suna ƙoƙarin haɗa cutar da gubar a dabba guda. Ƙwayar cutar hanta nau'in B ba ta kama ɓera, don haka Francis Chisari na cibiyar Scripps a Kalifoniya ya dasa wa ɓeraye wani sashe na ƙwayoyin gadonta, kuma a 1991 shi da Stewart Sell suka nuna cewa waɗannan ɓeraye sun fi yin ƙari idan aka ba su aflatoksin. Amma ɓeran da aka haifa da guntun cuta a jikinsa daban yake da mutumin da cutar ta kama. Ɓerayen da ke ɗauke da ƙwayoyin hantar mutum su cutar tana kama su sosai, sai dai dole a kashe musu garkuwar jiki don kada su ƙi dashen. A jikin mutum kuwa, yaƙin da garkuwar jiki ke yi da cutar shekara da shekaru, tana kashe ƙwayoyin hanta suna sake tsirowa, shi ne babban abin da ke share wa ciwon daji hanya. Dakunan bincike suna aiki yanzu a kan ɓeran da zai ɗauki hantar mutum da garkuwar mutum a lokaci guda.